Dafaffen lissafi: kundin aikin rahoton cinikinmu a Mile 12

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Da hantsi Kawu ya hau sama ya same ni, wayarsa a hannu, ya miƙo mini ba tare da ya zauna ba. Takardar kuɗin girgije ce ta watan Disamba, wato abin da Google ke cajin mu na ajiye bayananmu da sarrafa su a kwamfutocinsa. Ya ce, "Ɗana, wannan kuma kuɗin mene ne? Ba kai ka ce mini abin kusan kyauta ne ba?"

Ni na faɗa, a 2022, kuma a lokacin gaskiya ne. Aikinmu a nan kasuwar Mile 12 ta Legas shi ne riƙe wa dillalai lissafi: wace mota ta iso daga Kura ko Kadawa, buhun albasa nawa aka sauke daga Aliero, wa ya ɗauka, nawa ya ba da, nawa ya rage a kansa. Yaranmu na shigar da komai a waya, bayanin ya tafi BigQuery, rumbun bayanai na Google, dillalai kuma su duba nasu a allon rahoto da na haɗa da manhajar Looker Studio. BigQuery ba ya cajin ka don yawan amsar da ya ba ka, sai don yawan bayanin da ya karanta kafin ya amsa. Terabait ɗaya na farko (kusan gigabait 1,000 ke nan) a kowane wata kyauta ne, abin da ya haura kuma dala 6.25 ne kowane terabait a yankin Amurka, inda namu yake ajiye. Da muka buɗe asusun ba a kai ga buɗe cibiyar Google ta Johannesburg ba, wadda sai a Janairun 2024 ta fara aiki.

A Disamba mun ci kusan terabait 9. Dala 50 ke nan, kuma yanzu da dala ta haura naira 1,500, Kawu ya fi jin ta a naira. Ba kuɗin da zai karya mu ba ne, amma wata uku ke nan yana hawa.

Laifin na teburin ciniki ne, wato nawa. Layi kusan miliyan 40 ne jibge wuri guda, ban raba shi kwana-kwana ba. Duk dillalin da ya buɗe allo don ganin cinikin jiya kaɗai, sai injin ya karanto tun daga ranar farko. Na ɗora wata taga a kai, irin wadda ake yi da CREATE VIEW, ina ganin na yi dabara, alhali taga ba ta ajiye komai. Rubutaccen umarni ce kawai, duk wanda ya leƙa sai an sake girkin daga ɗanye. Ajiyar amsoshi ta awa 24 da BigQuery ke yi ita ma ba ta cece mu ba, don da zarar teburi ya canza an zubar da ita, namu kuwa ko minti biyu ba ya yi bai canza ba.

Shawarar da na yanke: zan gwada abin da ake ƙirƙira da CREATE MATERIALIZED VIEW. Shi ana yin lissafin ne a ajiye sakamakon, injin kuma ya riƙa sabunta shi da kansa. Ƙanwata, wadda muke aikin tare, ta raɗa masa suna dafaffe, teburin asali kuma ɗanye. Haka zan riƙa kiran su a nan.

Laraba, 8 ga Janairu

Na kwafi tsohuwar tambayata, wato rubutaccen umarnin da ke ciro lissafi daga teburi, yadda take na liƙa, aka ƙi ta. Sau uku ana dawo mini da ita, kowane karo da dalili dabam.

Na farko CURRENT_DATE da na sa don tace kwana 30 na baya. Da na yi tunani sai na ga hikimar: abin da za a dafa a ajiye ba zai dogara da kalmar "yau" ba, tunda yau ɗin gobe dabam ce. Na biyu COUNT DISTINCT, da nake ƙirga dillalai nawa suka yi ciniki. Irin dafaffen da ake ƙara masa sabon bayani kaɗan-kaɗan ba ya karɓar wannan, sai ɗan'uwansa na kirdado, APPROX_COUNT_DISTINCT. Kirdado kuwa ba abin da zan kai wa Kawu ba ne, mutumin da ya san dillalansa da sunan ubanninsu. Na uku rabawa: na raba jimlar kuɗi da jimlar kwanduna don fitar da farashin kwando ɗaya, nan ma ba a yarda a yi wani lissafi a kan jimla a cikin dafaffen ba.

Mafitar duka ukun guda ce. Dafaffe ya riƙe jimloli tsurarsu, kowace rana, kowane kaya, kowane dillali. Sai in ɗora taga ta yau da kullum a samansa, ita ta yi tacewa da ƙirga da rabawa a kan 'yan layukan da suka rage.

Ƙin da aka yi mini a kan rabawa ma alheri ya zama. Ina gyarawa na gano tsohon allonmu yana haɗa matsakaicin farashin kowace rana ya sake fitar da matsakaici na mako. Ranar da aka sayar da kwando 40 da ranar da aka sayar da 900 nauyinsu ɗaya a wannan lissafi. Shekara biyu ana kallon wannan lamba, ba wanda ya ce uffan, ni ma ban ce ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Abin nema ya samu. Tambayar da ke cin kusan gigabait 2 ta dawo tana cin megabait kaɗan, har ta taɓo ƙasan farashi, don BigQuery ba ya cajin ƙasa da megabait 10 a kowane teburin da tambaya ta taɓa. Allo na buɗewa kafin ka ɗauke yatsa.

Abin da ya fi burge ni: ƙanwata ta aika wata tsohuwar tambayarta kai tsaye zuwa ɗanye, injin da kansa ya gane dafaffe na da amsar, ya karkata can. Ba ta canza ko harafi ba. Sannan cinikin da ya shigo bayan sabuntawa ta ƙarshe ba ya ɓacewa, ana ɗebo shi daga ɗanye a haɗa da abin da ke ajiye. Na saya wa yaran ofis tsire da yamma.

Juma'a, 17 ga Janairu

Murna ta koma ciki. Tun Laraba nake ganin karatun na hawa da rana, ya sauka da dare. Bayan an sauko daga masallaci na zauna na bi bayanan ayyuka ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wurin da ke nuna ko an yi amfani da dafaffe, in ba a yi ba kuma a faɗi dalili. Dalilin da nake ta gani shi ne BASE_TABLE_DATA_CHANGE, wato an taɓa abin da ke cikin ɗanye.

To wa ke taɓawa? Mu ne. Tumatir ba siminti ba ne. Mai saye ya ɗauki kwando 20 da asuba a kan farashi, ya kai Oyingbo ko Mushin ya buɗe, ya tarar uku sun yi ruwa daga ƙasa saboda kwanakin da suka yi a hanya. Sai ya bugo waya, a yi ta ja-in-ja, a yi masa ragi. Yaronmu kuma ya buɗe manhaja ya gyara farashin a kan layin da aka rubuta da asuba. Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar, ragi ake ta yi.

Shi dafaffe ƙari ya iya. In sabon layi ya shigo a ƙasa, sai ya ɗora kan jimlar da yake da ita. Amma in aka gyara ko aka goge tsohon layi, bai san me zai cire ba, sai ya ɗauki abin da ya ajiye a matsayin wanda ya lalace. Tunda teburina ba a rabe yake ba, gyaran layi ɗaya na zubar da tukunyar gaba ɗaya. Tambayoyi su koma ɗanye har sai an sabunta, sabuntawar kuma ta karanta komai daga farko, ita ma da kuɗinta. An gudu ba a tsira ba. Abu ɗaya da zan yaba: ko sau ɗaya bai ba da lambar ƙarya ba, tsada kawai ya ƙara.

Na sauka ƙasa don in sha iska, na tsaya wurin Malam, tsohon akawun Kawu, wanda har yau bai yarda da waya ba. Yana zaune kan benci tsakanin buhunan albasa, babban littafinsa mai baƙin bango a cinya, biro biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja. Ina tsaye aka bugo masa a kan ragin kwando biyu. Na zuba ido in ga yadda zai yi. Bai koma shafin safe ba. Ya zaro jan biro, ya sauko ƙarshen rubutun yau, ya rubuta sunan mutumin, ya sa "ragi, kwando 2", ya sa kuɗin, ya ja layi a ƙasa.

Na ce, "Malam, me ya sa ba ku soke na safen ku gyara ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "In na soke, gobe ya zo ya ce ba haka aka yi ba, me zan nuna masa? Littafin da aka kankare ba ya shaida, yaro."

Na koma sama na buɗe manhajar. Maɓallin "gyara farashi" zai daina taɓa tsohon layi. Zai rubuta sabon layi ne mai kuɗi a ragi, da lambar cinikin asali a gefe, adadin kwando kuma sifili in ba a dawo da kaya ba. Jimla za ta fito daidai, ɗanye kuma ƙari kawai zai riƙa samu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Sabon maɓalli ya fita ranar Talata. Sai na juya kan rabon teburi, don ko an daina gyara kullum, wata rana dole a goge kuskure, kuma gara asarar ta tsaya a rana ɗaya. In ɗanye a rabe yake, dafaffe ma an raba shi a kan ginshiƙi iri ɗaya, to aljihun ranar da aka taɓa, wato kasonta a cikin rabon, shi kaɗai ke lalacewa.

Ba a raba teburin da ya riga ya wanzu. Sabo ake yi a kwashe kaya a zuba, dafaffen ma a sake shi, don ba a gyara tambayar da ke cikinsa, sai dai a rushe a sake gini. Na yi wannan cikin dare, na raba da lokacin da aka shigar da ciniki, na kwanta ina jin na gama.

Da safe Kawu ya kira. "Motar Kadawa da aka sauke daren jiya, ina kayanta? Allonka ya ce kwando 310 muka karɓa yau, Malam ya ce 520."

Na duba, kayan na nan, amma a ranar da ta gabata. An sauke motar da ƙarfe 12:20 na dare. BigQuery na yanka ranakun irin wannan rabo ne da agogon duniya na UTC, Legas kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Ƙarfe 12:20 namu, 11:20 ne na jiya a wurinsa. A wata sana'ar wannan awa ɗaya ba za ta dami kowa ba, mutane na barci. A Mile 12 kuwa lokacin ne 'yan dako ke kan aiki.

Na ce masa zan juya agogon zuwa na Legas, shi ke nan. Ya yi dariya. "To wadda aka sauke ƙarfe 11 fa? Ita ma kayan gobe ce. Wa zai sayi tumatir ƙarfe 11 na dare?" A lissafinsa, duk abin da ya sauka daga mota bayan an tashi kasuwa, na kasuwar gobe ne. Muka yi ta daidaitawa da shi da Malam har muka tsaya a ƙarfe 9 na dare. Ba agogon UTC ba, ba na bango ba, ranar kasuwa dabam take.

Na ƙara ginshiƙi mai suna ranar_kasuwa, kwanan wata zalla, ana cike shi tun lokacin shigar da bayani. Na sake kwashe layi miliyan 40 karo na biyu. Ga yadda dafaffen ya tsaya:

CREATE MATERIALIZED VIEW kasuwa.jimlar_rana
PARTITION BY ranar_kasuwa
CLUSTER BY dillali
AS SELECT ranar_kasuwa, kaya, dillali,
SUM(adadi) AS adadi, SUM(kudi) AS kudi
FROM kasuwa.ciniki
GROUP BY ranar_kasuwa, kaya, dillali

Ban taɓa tazarar sabuntawa ba, na bar ta a minti 30 da take zuwa da shi. Ana iya sauko da ita har minti 1, ko a kai ta kwana 7.

Dole in faɗi wata gaskiya a nan: rabon nan shi kaɗai ya yanke kaso mai yawa na kuɗin, tun kafin dafaffe ya sa hannu. Da na yi shi a 2022, mai yiwuwa da wannan kundin bai samu ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na so in burge, na yi dafaffe na biyu da ke haɗa ciniki da teburin sunayen dillalai, don allo ya nuna suna maimakon lamba. Kwana biyu na rushe shi. A irin wannan haɗi, teburin hagu kaɗai ake bi da ƙari, na dama in ya motsa komai ya lalace. Teburin sunayenmu kuwa daga Google Sheets ake kwafo shi kowane dare, a share tsohon a zuba sabo, ko da ba a canza komai ba.

Lamba ta zauna a dafaffe, suna ya haɗu da ita a taga ta sama. Teburin sunaye bai kai layi 300 ba, haɗa shi a lokacin tambaya ba ya cin komai.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ba a yi aikin kirki ba yau. An ɗauke wuta tun safe, janareta ya ƙi tashi, na tattara kwamfuta na shiga bas ɗin BRT zuwa wurin wani abokina a Yaba. Gosulon Ojota ya cinye mini awa guda.

Shi da PostgreSQL yake aiki, wata manhajar rumbun bayanai dabam, sai muka shiga gwada na wa ya fi. Nasu ya samu irin wannan dafaffe tun fitowa ta 9.3 a 2013, amma ba ya sabunta kansa. Sai ka ba da umarnin REFRESH, ya sake lissafin gaba ɗaya, kafin nan kuma tsohon sakamako zai yi ta ba ka ba tare da ya ce komai ba. A maimakon haka kusan kowace irin tambaya yana karɓa. Na Snowflake, wani rumbun bayanai irin BigQuery, yana sabunta kansa, amma teburi ɗaya tak yake kallo, ba haɗi, kuma sai kana kan matakin biyan kuɗi na Enterprise ko sama da shi. Suna ɗaya, hali dabam-dabam. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan da tsohon tunaninsa, zai sha mamaki. Ni dai ga lissafin bashi, na fi son wanda zai ƙara mini tsada a kan wanda zai ba ni na jiya ya yi shiru.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kakar tumatir ɗin rani ta kankama, motoci sun yi yawa, farashi na rawa kullum. Kawu ya nemi abu sabo: jerin dillalai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a kowane mako, da yadda farashin kwando ke tafiya cikin kwana 7. Wannan na bukatar lissafin da ke duba layukan maƙwabta, irin wanda dafaffen ƙari ba ya karɓa.

Akwai ƙofa ta biyu. In ka kunna allow_non_incremental_definition, ana karɓar tambayoyi masu sarƙaƙiya, da sharaɗin sai ka sa max_staleness. Wannan na biyun ni kwantai nake kiransa: kana faɗa wa injin awa nawa ka yarda a sayar maka da kayan da suka kwana. Daga minti 30 ne zuwa kwana 3. Muddin sabuntawa ta ƙarshe ba ta wuce wannan iyaka ba, abin da ke ajiye kawai za a ba ka, ba a leƙa ɗanye. In ta wuce, a koma ɗanye a yi lissafin daga farko.

Na gwada shi kwana huɗu da kwantan awa 4. Ya yi aiki, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kowace sabuntawa cikakkiya ce, tana karanta ɗanye daga farko. Karkatar da tambaya da injin ke yi da kansa ma babu ita a wannan nau'in. Na so in ɗora shi a kan dafaffen farko don ya karanta kaɗan, ashe ba a ɗora dafaffe kan dafaffe.

Na cire shi. Na koma tsohuwar hanya: tambaya mai jadawali da ke tashi ƙarfe 5 na asuba da ƙarfe 4 na yamma, ta karanta jimlar_rana, ta rubuta sakamako a ƙaramin teburi. Ba ta da ƙyalli, amma na san abin da take ci. Na kuma sa lokacin sabuntawa ta ƙarshe a saman wannan shafin da manyan haruffa, don kada wani ya ɗauki farashin asuba ya yi ciniki da shi da la'asar.

Shafin bashi kuwa ban sa masa kwantai ko na minti ɗaya ba. Mutum ya biya yanzu, ya buɗe waya ya ga har yanzu ana bin sa, ranar sai Kawu ya sauko da kansa ya ba da haƙuri.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi na 10. Takardar Fabrairu ta zo, karatunmu bai cike terabait ɗaya na kyauta ba, har da abin da sabuntawa ta ci da gwaje-gwajen da na yi ta yi. Abin da za mu biya na ajiya ne kawai, ya ɗan ƙaru saboda har yanzu ban goge tsofaffin teburan biyu ba. Zan bar su har bayan salla, in na tabbata ba abin da ya zube a hanya.

Na kai wa Kawu wayar ya gani. Ya gyara tabarau, ya duba, ya ce "Madalla", sai ya gangara ƙasa da yatsa zuwa wani shafi da ban ma yi niyyar nuna masa ba. Tunda ragi ya zama layi mai zaman kansa, ƙanwata ta fitar da jimlarsa ga kowane mai saye da kowace mota. Ya daɗe yana kallo. Akwai mai saye ɗaya da kusan kowace ɗauka sai ya nemi ragi, ko daga wace mota kayan suka fito.

"Wannan tun yaushe yake haka?"

"Daga 21 ga Janairu kawai muke da shi, Kawu. Na baya an gyara su a kan layi, farashin farko ya tafi."

"Littafin Malam na nan ai."

Littattafai 11 ne, na ƙirga su a cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin bencinsa. Malam ya ce ba za su kwana a waje ba, in muna so mu zo mu kwafa a gabansa bayan la'asar, kafin a sha ruwa. Mun fara yau da na 2024, ƙanwata na karanta jan rubutun ina bugawa. Mun yi shafi 14 aka kira salla. Sai na lura ranakun da nake zuba wa waɗannan tsofaffin layuka duk aljihunan bara ne, don haka na buɗe musu teburin wucin gadi, in mun gama littafi guda in zuba su gaba ɗaya cikin dare in kira BQ.REFRESH_MATERIALIZED_VIEW da hannu. Gobe za mu ci gaba daga watan Maris na bara.